Daga Inuwar Gareji: Mota Ma Tana Bukatar Gwiwa

Ga shi damina ta yi sallama, an ɗage shingayen da ake tare manyan motoci da su a hanyoyin ƙasa in an yi ruwa, auduga ta fara fari a gonaki, nan gaba kaɗan kuma motocin SODECOTON za su bazu cikin ƙauyuka kwasar ta. Duk mai mota a arewacin Kamaru ya san abin da wannan lokaci yake zuwa da shi. Taɓo ya bushe ya bar sawun tayoyi kamar kunyar rogo, gargada ta fara jeruwa, ramukan da ruwa ya ci a kwalta kuwa sun wangame baki suna jira. A irin wannan lokaci ne garejin Garwa kan cika da masu kuka iri ɗaya: mota tana jijjiga, baya yana ciwo, a yi mata wani abu. Abin da akan yi matan kuwa, sau da yawa shi ne yake ƙara dagula al'amarin. Mun san haka domin mu ma mun taɓa faɗawa.

Wasu shekaru da suka wuce muna da wata a-kori-kura da muke ɗauko masara da gyaɗa da ita daga kasuwar Ngong. Da muka ga bayanta yana zama ƙasa in an yi lodi, sai muka kai ta wurin wani makaniki. Bai yi wata-wata ba ya ce a ƙara mata falle uku-uku a sifirin na baya, mai faci kuma ya ɗura wa tayoyin iska har kilo huɗu. Da aka sauko da ita daga kan jak sai ga ta ta ɗaga baya sama kamar zakara, yaran gareji suna ta koɗa ta, mu ma muka biya da murna.

Ba a rufa wata ba aka aiko mana cewa Goggonmu tana kwance a wani ƙauye gaba da Colire, a zo a kawo ta asibiti. Muka kama hanya da motar ba komai a bayanta. Tun daga mararrabar Gijiba, inda muka sauka daga kwalta a wancan lokaci, haƙoranmu suka fara haɗuwa. A dawowa muka shimfiɗa wa Goggo katifa a baya, 'yarta tana riƙe da ita. Ba mu yi kilomita goma ba muka ji ana dukan rufin mota. Da muka tsaya, Goggo ta ɗago kai da ƙyar ta ce, "Ɗan nan, in dai a turmi za ka daka ni, gara ka mai da ni ɗakina in cika a kan gadona."

Allah ya sa a gindin tsamiyar da muka tsaya akwai wani dattijon direba da ya faka babbar motarsa yana dafa shayi. Ya zo ya gai da Goggo, ya kewaya motar, ya danna bayanta da hannu biyu, ko motsi ba ta yi ba. Sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ai motarka ba ta da gwiwa." Ya sa muka jira tayoyi suka huce, ya ɗauko ma'auninsa ya rage iskar zuwa adadin da aka rubuta a jikin ƙofa. Ya ce mu sayi buhun masara huɗu a ƙauye na gaba mu jera su daidai kan ƙafafun baya, mu matso da katifar jikin kan motar, sannan mu tafi a hankali. Muka ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Bayan lisha muka shigo Garwa. Goggo ta warke, ta yi shekaru tana yi mana ba'a da motar turmi.

Ina gwiwar mota take?

Ku dubi Bafulatana mai tallan nono tana saukowa daga tudu da ƙwarya a ka. Ƙafafunta suna hawa dutse suna faɗawa kwari, amma nonon ko ɗiga ba ya yi, domin gwiwa da ƙugu suna shanye motsin kafin ya kai wuya. Da za a ɗaure mata gwiwoyi da kara, kafin ta kai kasuwa ƙwaryar ta zama fanko. Haka mota take. Tsakanin ƙasa da kujerar da kuke zaune akwai abubuwa huɗu masu shanye duka: iskar taya, sifirin, shakazoba wanda makanikanmu na nan suke kira amortisa, sai robobin da ke gaɓoɓi. Sifirin shi ke ɗauke da nauyi yana lanƙwasawa. Amma shi kaɗai ba ya san tsayawa, in an danna shi sai ya yi ta lilo. Aikin shakazoba shi ne ya kashe wannan lilo.

Masu ƙera mota sukan auna sifirin da nauyin da zai ɗauka, ta yadda bodi zai yi sama da ƙasa kamar sau ɗaya zuwa ɗaya da rabi a cikin sakan, wanda ya yi kusa da takun ɗan Adam, shi ya sa jiki ba ya ƙin sa. Girgizar da ta fi cutar da mai zama ita ce mai sauri, wajen sau 4 zuwa 8 a sakan, domin a nan kayan ciki da ƙashin baya suke amsawa. Duk sa'ad da aka ƙara wa sifirin tauri alhali nauyi bai ƙaru ba, motsin bodi yana ƙara sauri yana matsawa wajen inda yake cutarwa. Abin da ya sami Goggo ke nan. Sifirin da aka shirya wa buhu ashirin, sai ga shi yana ɗauke da tsohuwa da katifa. Buhunan nan huɗu na dattijo su suka ba shi abin da zai lanƙwasa a kai.

Kada kuma a ɗauka zancen jin daɗi ne kawai. Ƙafar da take tsalle ba ta kan ƙasa, tayar da ba ta kan ƙasa kuwa ba ta jin birki ba ta jin sitiyari. Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa shekarun da direba yake yi cikin girgiza suna daga cikin abin da ke kawo ciwon ƙugu. Ga masu juna biyu, ga marasa lafiya da ake ɗaukowa daga Poli ko Rai Buba. Jiki magayi.

A fara da abin da ba ya cin kuɗi

Taya ita ce gwiwa ta farko, kuma gyaranta kyauta ne. A jikin ƙofar direba, ko a murfin tankin mai, akwai 'yar takarda da kamfani ya rubuta yawan iskar da ya dace, ɗaya ta mota ba kaya, ɗaya ta mota da lodi. Yawancin ƙananan motoci tsakanin kilo biyu ne da biyu da rabi. Masu facinmu da yawa da guduma ko yatsa suke aunawa, in taya ta yi ƙara kamar ganga sai su ce ta yi. Ku sayi ma'auni naku ku ajiye a mota, bai kai kuɗin falle ɗaya na sifirin ba. A auna da safe kafin a yi tafiya. Zafi yana ƙara wa iska ƙarfi, a watan Maris da Afrilu kuwa Garwa takan haura digiri 40, saboda haka in kun auna da rana tsaka bayan doguwar tafiya za ku ga adadin ya hau. Kada ku sace iskar a lokacin, domin in taya ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida.

A kan yashi ko gargada ana iya rage iska kaɗan, amma da sharaɗi biyu: a rage gudu, kuma a mai da iskar kafin a hau kwalta. Tayar da ba ta da isasshiyar iska in ta yi gudu a kwalta mai zafi, gefenta yakan yi ta lanƙwasa har ya dahu, sai a ji ta fashe.

Sai zancen manyan wili masu walƙiya da samarinmu suke so. Ku karanta lambar da ke gefen taya. In an rubuta 195/65 R15, faɗinta milimita 195 ne, tsayin gefenta kuma kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato wajen milimita 127. In aka cire ta aka sa 225/45 R17, tsayin ƙafar gaba ɗaya bai canza ba, amma gefen roba ya koma milimita 101. An ƙara ƙarfe an rage matashi ke nan. A titin Turai ba laifi. A tsakanin Figil da Marwa kuwa, ramin da tayar farko za ta haɗiye shi ne zai tsaga ta biyun ya lanƙwasa wili. Wanda yake son laushi ya nemi ƙaramin wili da taya mai tsawon gefe, matuƙar wilin ya wuce kan birki.

In gwanjon taya za ku saya, ku nemi lamba huɗu da ke ƙarshen rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa da shekaru ko da zanenta bai cinye ba. Wadda kuma aka zana wa hoton dutse da ƙanƙara, ta lokacin sanyin Turai ce, zafinmu yana cinye ta da wuri.

Shakazoba

A cikin shakazoba mai ne da fistin mai ƙananan ƙofofi. In ƙafa ta motsa, man yakan matsu ta ƙofofin nan, ƙarfin dukan ya koma zafi. A kan gargada wannan aiki ba hutu. A ce tsakanin tudu da tudu rabin mita ne, motar kuma tana tafiyar kilomita 60 a awa, to kowace ƙafa tana shan duka fiye da 30 a cikin sakan guda. Man yakan yi zafi ya tsinke ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe komai. Shi ya sa motar da ta bar Garwa lafiya takan fara rawa kamar kwalekwale bayan awa guda a hanyar ƙasa.

Wani injiniya Bafaranshe mai suna Bourcier de Carbon shi ya fito da maganin wannan a shekarun 1950, ya cusa iskar gas mai ƙarfi a cikin bututun don ta danne man ta hana shi kumfa. Irin wannan mai gas, musamman mai kauri wanda ya ɗauki mai da yawa, ya fi jimrin zafi. Sai dai a lura da abu biyu. Mai bututu ɗaya in dutse ya loɓa shi ya gama aiki, saboda haka yana son kariya. Na biyu, akwai waɗanda aka yi wa motocin tsere, masu tauri ƙwarai, kada kwalin ya ruɗe ku. Wanda ya dace shi ne mai lambar motarku, mai tsawon da ya yi daidai da sifirinku.

Yadda za a gane ya mutu ba wuya. A duba ko mai ya jiƙa jikinsa. A danna kusurwar mota da ƙarfi a saki: ta taso ta zauna, in ta yi lilo biyu ko uku to ya tafi. A shafa taya a ji ko ta cinye tudu da kwari. Bayan tafiya a gargada a kai hannu kusa da shi a hankali, mai aiki yakan ɗau ɗumi, wanda ya yi sanyi ƙalau kuwa rakiya kawai yake yi. In za a canza, a canza biyu tare, dama da hagu.

Tun da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan gyara na asali suka yi tsada, kasuwa ta cika da gwanjo da jabu. Akwai masu huda tsohon shakazoba su ɗura masa baƙin mai su toshe, su fesa fenti su sa a kwali. Zai yi mako biyu yana kamar gaske. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai takan ci.

Robobin gaɓoɓi, waɗanda ake kira silambulok, su ma zafi da ƙura suna busar da su. Yawancin ƙarar ƙwanƙwasa da ake ɗora wa shakazoba daga gare su take, ko daga rotil. Ga wani sirri da yaran gareji kan manta: ba a ƙarasa ɗaure notin silambulok mota tana rataye a kan jak. Sai an sauke ta ta zauna da nauyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta yage kafin damina.

Sifirin: ƙari, yanka da ɗagawa

Sifirin iri uku ne a motocinmu. Akwai mai falle-falle a bayan a-kori-kura da bas, akwai mai naɗi kamar gammo a ƙananan motoci irin su Corolla, akwai kuma sandar ƙarfe mai murɗawa a gaban wasu, kamar HiAce. Kowanne da irin ɓarnar da ake yi masa.

Mai falle, mun riga mun ba da labarinsa. Wanda kullum da lodi yake tafiya yana iya ƙara falle ɗaya, ba laifi. Amma mai zuwa wayam ya dawo da kaya, abin da ya dace da shi shi ne sifirin mai hawa biyu: dogayen falle masu laushi a sama, da gajere mai kauri a ƙasa wanda ba ya taɓa aiki sai nauyi ya sauko masa. Yawancin a-kori-kura da haka suka fito daga kamfani, mu ne muke cusa falle a tsakani mu kashe hikimar. Bugu da ƙari, fallayen suna goga juna ne in suna aiki, in tsatsa da jar ƙasa suka cika tsakaninsu sai su manne su zama ƙarfe ɗaya. Sau da yawa kwance su, da wankewa, da sabunta 'yan robobin da ke tsakani, ya isa ya dawo da laushin da ake nema. Fallen da ya karye kuma ba a yi masa walda. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, zai sake karyewa a gefen ɗinkin, watakila a gangaren dutsen Mbe da ke hanyar Ngaundere, inda ba a fatan ko tari mota ta yi.

Mai naɗi, in aka yanke shi don a daidaita tsayi, gajarta da tauri yake ƙaruwa gaba ɗaya. In ya gaji mota ta zauna, sabo ake sawa. Kuma kada a bar yaro ya kwance shi da igiya ko waya, akwai abin matse shi na musamman, domin in ya kuɓuce yana iya kashe mutum.

Ɗaga mota da zobe ko katako a kan sifirin yana hana cikinta dukan ƙasa, gaskiya ne. Amma bai ƙara wa ƙafa tazarar motsi ba, ya dai ci daga wadda take da ita ta sauka rami. Sai shakazoba ya riƙa miƙewa har ƙarshe yana bugawa, kardan ya karkace ya yaga robarsa, motar kuma ta ƙara saurin kifewa a kwana, balle an ɗora kaya a rufi. Haka nan ɗaure sandar gaba ta HiAce har ƙarshe. Santimita biyu ko uku ba laifi, fiye da haka garin neman gira ne a rasa ido. Duk kuma lokacin da aka taɓa tsayin mota, a je a daidaita saitin ƙafafu.

Ga gwaji mai sauƙi. Ku yi lodin da kuka saba, ku leƙa ƙarƙashi. Tsakanin aksil da bodi akwai wani dunƙulen roba mai tare duka na ƙarshe. In akwai tazarar yatsu uku ko huɗu, sifirin yana da wurin aiki. In robar ta riga ta zauna a kan ƙarfe, to ba ku da sifirin ke nan, kashin bayan fasinja ne yake aikin.

Darasin Fijo

Dattawan tasha har yau suna kewar Peugeot 504, suna da hujja kuwa. An fito da ita a 1968, masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta ci gaba da haɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, ta nan da yawa suka shigo mana ta Yola da Mubi. A 1975 ta ci tseren Safari na Kenya, ta kuma ci na Bandama a Kwaddibuwa. Duk wanda ya shige ta ya san ba tauri gare ta ba. Ƙafafunta suna da doguwar tazarar hawa da sauka, sifirinta da laushi, shakazobanta kuwa kamfanin da kansa yake ƙera su daidai da ita, ga taya mai tsawon gefe, ga kujera mai kauri. Tun kafin ita, an ce wa masu zana Citroën 2CV, wadda ta fito a 1948, su yi motar da manomi zai ratsa gonar da aka yi wa huɗa da kwandon ƙwai ba tare da ko ɗaya ya fashe ba. Su ma da laushi da doguwar tazara suka cim ma haka. Ko Land Cruiser ta daji, wadda ba a yi mata gorin ƙarfi, a 1999 Toyota ta cire mata sifirin mai falle na gaba ta sa mai naɗi, ta kuma tsawaita na baya.

Motocin gwanjon da suke sauka a tashar jirgin ruwan Duwala kuwa, yawancinsu an saita su ne don titunan Beljiyam da Jamus. Kamfanoni da dama suna yin wani saiti dabam don ƙasashe masu munanan hanyoyi, da sifirin mai ɗan tsawo da faranti mai kare cikin injin. In za ku sayi kaya, ku tambayi mai shago ko akwai na wannan saitin a irin motarku. Ya fi duk wata dabarar zobe da katako.

Gudu da lodi

Mutane sukan ce matattun shakazoba ne suke haddasa gargada. Suna ƙara ta dai, amma masu bincike na jami'o'in Toronto da Kambirij sun nuna a 2007 cewa ko ƙafar da ba ta da sifirin sam, in ta yi ta bin yashi ko tsakuwa da gudun da ya wuce kamar kilomita 8 a awa, sai gargada ta fito. Ashe ba mai raba mu da ita sai gireda ko kwalta. Direbobinmu sun san in aka taka mota ta kai 70 ko 80 sai girgizar ta lafa, domin taya tana tsallake kwari tana taɓa kan tudu kawai. Amma a wannan hali rabin tafiyar a iska ake yin ta. In saniya ta fito, ko kwana ta zo, ko gadar mayo ta ɓullo, birki ba shi da abin kamawa. Sauri ya haifi nawa.

Lodi kuma shi ne uwa uba. Yawancin a-kori-kura tan ɗaya ne ƙa'idarsu, wato buhu goma masu kilo ɗari, har da direba da yaransa a ciki. Mu kuwa mukan ɗora ashirin, mutane su hau kai. Ƙarin falle yana ɓoye zaman mota ne kawai, bai ƙara wa birki ko aksil ko taya ƙarfi ba. Tayar da aka rubuta wa 91 a bayan lambarta, kilo 615 aka yi ta ta ɗauka, ko falle nawa aka jera a kanta. In za a yi lodi, masu nauyi su zauna ƙasa, a tsakiya, kada su wuce ƙafar baya. Mara lafiya da tsoho da mai ciki kuma, wurinsu tsakanin ƙafafun gaba da na baya, nan ne girgiza ta fi sauƙi.

Wannan hali namu shi ne kuma yake cin hanyar kanta. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ngaundere a 1974, kayan arewa da na Cadi a nan ake sauke su a ɗora wa manyan motoci su bi ta Garwa da Marwa zuwa Kusiri. Gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa in nauyin aksil ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta takan ninka wajen sau 16. Shi ya sa dokar kare hanyoyi ta 1996 ta sa iyakar tan 13 a kan aksil guda. Muna da haƙƙin mu tambayi hukuma ina kuɗin hanya da aka fara karɓa tun 1993 yake shiga, amma mai tambayar ya fara duba abin da ya ɗora wa tasa motar.

To jama'a, kafin ku ba makaniki izinin ƙara ko falle ɗaya, ku bi wannan tsari. Ku auna iska da safe. Ku duba lodinku da inda kuke ajiye shi. A duba robobi da rotil. A gwada shakazoba. A kwance sifirin a wanke. In duk an yi wannan motar tana zama a kan robar ƙarshe da lodin ƙa'ida, sannan a yi maganar sabon sifirin, a zaɓe shi daidai da kayan da kuke ɗauka yau da kullum. Mu dai da muka dawo da Goggo, falle biyu-biyu muka sa aka cire, muka bar ɗaya, muka koma yin sawu biyu zuwa Ngong maimakon ɗaya. Man da muka ƙara sha bai kai kuɗin tayoyin da muka daina fasawa ba.

A wata mai zuwa in Allah ya kai mu za mu duba lagireto da ruwan injin, tun kafin zafin bazara ya kama. Masu tambaya su aiko ta ofishin jarida kamar yadda aka saba, a rubuta irin motar da shekararta da hanyar da take bi. Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya.